YADDA AKE RENON AYABA A CIKIN KWALBA

Kowa a cikinmu ya taɓa ɓare ayaba, amma ba mu taɓa samun ƙwayar da za a shuka a cikinta ba. Albasar Aliero tana da iri, gero da dawa ma haka, amma ayabar da muke ci ba ta da shi. Saboda haka mai lambu a fadamar Maiyama ko Jega, idan yana son ayaba, sai ya haƙo 'ya'yan da suka tsiro a gindin uwa ya dasa.

Wannan hanya tana da wahala iri biyu. Ta fari, uwa ɗaya 'ya'ya kaɗan take bayarwa a shekara. Ta biyu, wadda ta fi muni, duk cutar da ke jikin uwa tana bin ɗanta. Ƙwaron da ke huda gindi, da ƙananan tsutsotsi masu cin saiwa waɗanda ido ba ya gani, sukan shiga sabon lambu tare da dashen. Mutum ya biya kuɗinsa, ya sayo cuta bai sani ba.

Ga dabarar da masana kimiyya suka samo. Sukan zaɓi uwa mai lafiya, su gwada ta don tabbatar da ba ta ɗauke da cuta, su ɗauki ɗanta. Sai a yi ta ɓare shi har a kai ga ɗan ƙaramin idon da ke tsakiya, inda sabon ganye yake fitowa. A wanke shi da magani, a sa shi cikin kwalbar da aka dafa, a kan wani abinci mai kauri kamar koko da ya daskare. A cikin abincin akwai sukari, da sinadaran taki, da wani sinadari mai sa toho. Masana biyu a Amurka, Murashige da Skoog, su ne suka haɗa wannan abinci a 1962, har yau kuma da shi ake aiki.

Bayan 'yan makonni idon nan ɗaya zai fitar da toho da yawa. Sai a rarraba su cikin wasu kwalabe, su ma su hayayyafa. Da haka ido ɗaya yake zama ɗaruruwan tsire-tsire. Idan sun yi saiwa, a fitar da su a sa a leda mai ƙasa, a ajiye a inuwa har su saba da iska da rana, kafin a kai su gona. A ƙasarmu, cibiyar binciken noma ta IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 ta daɗe tana wannan aiki a kan ayaba da agada.

Sai dai mu lura da abu guda. Dashen kwalba yana zuwa da tsabta, amma tsabta ba rigakafi ba ce. Idan aka dasa shi a ƙasa mai cuta, zai kamu. Kuma da yake dukansu daga uwa ɗaya suka fito, abin da ya kashe ɗaya zai iya kashe sauran. A shekarun 1950 cutar Fanama ta cinye gonakin ayabar Gros Michel a Amurka ta Tsakiya, domin iri ɗaya aka shuka ko'ina. Cavendish ce ta maye gurbinta, ga shi wani sabon nau'in cutar ya kama ita ma, har ya iso Mozambik a 2013.

Don haka, 'yan makaranta, idan kun koma gida ku gaya wa iyayenmu masu lambu: su tambayi asalin dashe kafin su saya, su dasa a ƙasa mai tsabta, su ba shi ruwa da taki sosai a watannin fari, kada kuma su dogara ga iri ɗaya. Masu son kimiyya a cikinku kuwa, ku riƙe darasin ilimin halittu da kyau. Aikin nan yana jiran hannu mai tsabta da haƙuri.