Dokin hawan salla: ciki, kofato da kaska

A Tsibirin Gobir, ranar salla, dawakin Sarkin Gobir da na hakimai suna fitowa da ado. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da ya yi kyau ran hawa, an daɗe ana yi masa hidima.

Gero da harawa kaɗai ba su isa ba. Doki yana son dusa, da gishiri, da ƴar kanwa cikin ruwan sha.

Da damina, ciyawar fadamar Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa har Tsibiri, tana ɗauke da tsutsa. In doki ya ci, sai ya rame, ƙarfinsa ya ragu. Likitan dabbobi yana ba da maganin tsutsa farkon damina da ƙarshenta, gwargwadon nauyin doki.

Turke mai laka da fitsari yana ruɓar da kofato. A kwashe kashi kullum, a zuba busasshen rairayi. A yanke kofato bayan sati 6 zuwa 8.

A riƙa duba kaska cikin kunne da gindin wutsiya. Amma hattara! Amitraz, maganin kaskar shanu, yana iya kashe doki. A tambayi likita tukuna.