Kafin Yaro Ya Kai Duka: Yoga da Tarbiyyar Yara Maza a Baltimore

[Kiɗan buɗe shiri]

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu birnin Baltimore da ke jihar Maryland a Amurka, inda wata makarantar firamare ta sauya yadda take yi da yaron da ya tayar da faɗa a aji.

Sunan makarantar Robert W. Coleman. Tana yammacin birnin, ɓangaren da talauci ya yi wa katutu, kuma galibin mazaunansa baƙar fata ne. A watan Afrilun 2015, bayan wani matashi mai suna Freddie Gray ya rasu sakamakon raunin da ya ji a hannun 'yan sanda, tarzomar da ta girgiza birnin ba nesa da wannan makaranta ta ɓarke ba. Daga 2015 har zuwa 2022, ba a yi shekarar da ba a kashe mutum fiye da 300 a Baltimore ba, alhali mutanen birnin duka wajen 600,000 ne. Yaron da ya tashi a irin wannan unguwa ya san ƙarar bindiga tun yana goye, ya kuma san jiniyar motar 'yan sanda cikin dare. Da wannan kayan a ƙirjinsa yake zuwa makaranta da safe, sai wani ya taka masa ƙafa a layi.

A da, abin da ke biyo baya sananne ne: a tsare shi bayan an tashi, ko a kore shi gida na 'yan kwanaki. Yanzu akwai wani ɗaki da aka keɓe, mai fitilu marasa haske sosai, da matasan kai a ƙasa, da tabarmin roba na motsa jiki. Malami zai tura yaron can. Wani babba zai tarbe shi ba tare da tsawa ba, ya zaunar da shi, su ja numfashi tare, su miƙe gaɓoɓi. Sai bugun zuciyarsa ya lafa sannan a tambaye shi abin da ya faru, da abin da zai yi idan hakan ta sake faruwa. Bayan kamar minti 20 ya koma aji. Ban da wannan, makarantar takan buɗe yini ta kuma rufe shi da 'yan mintuna na numfashi da natsuwa ga kowa da kowa. A 2016 hukumar makarantar ta bayyana cewa shekarar karatun da ta gabata ta wuce ba a kori yaro ko ɗaya ba.

[Kiɗa a taƙaice]

Su wa suka kawo wannan? Wa da ƙani ne, Ali Smith da Atman Smith, 'yan asalin yammacin Baltimore ɗin, da abokinsu Andres Gonzalez wanda suka haɗu da shi a Jami'ar Maryland. A 2001 suka kafa ƙungiyar Holistic Life Foundation. Ali da Atman a gida suka koyi yoga, wurin mahaifinsu, tun suna ƙanana. Da suka gama jami'a sai suka dawo unguwar da aka haife su. Wata makarantar firamare ta nemi su riƙe mata yara maza 'yan aji biyar, waɗanda malamai suka gaji da su, ta hanyar koya musu ƙwallo. Su kuma suka ce yoga za su koyar. Yaran ba su wuce ashirin ba, kuma farkon abin rabon faɗa ya fi darasi yawa.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin a ganina nan zuciyar labarin take. Waɗannan yara sun saba jin cewa namiji shi ne wanda ake tsoro. Sai ga maza uku ƙarfafa, masu magana irin tasu, masu shiga irin tasu, biyu daga cikinsu a layukan nan suka yi wasa, sun zauna a ƙasa sun lumshe ido suna numfashi, babu wanda ya isa ya ce musu ragwaye. Gobe sun dawo. Jibi sun dawo. Shekara ta zagayo suna nan. Ga yaron da mahaifinsa ke gidan yari, ko ya rasu, ko ya tafi ba a san inda yake ba, dawowar nan kaɗai darasi ce. Da yawa daga cikin wannan rukuni na farko sun girma sun zama ma'aikatan ƙungiyar, su ne yanzu ke tarbar ƙannensu a makarantun birnin.

Mu ma a gidajenmu mun san kalmomin. Yaro ya faɗi ya ƙuje gwiwa, sai a ce, "Tashi, namiji ba ya kuka." An doke shi a waje ya dawo da hawaye, sai a ce, "Kai ba namiji ba ne? Koma ka rama." Ba da mugunta iyaye ke faɗa ba, so suke ya yi ƙwari, domin duniya ba ta da sauƙi. Amma duba abin da yaron ya koya. Tsoro abin kunya ne, baƙin ciki abin kunya ne, kewa abin kunya ce. Ƙofa ɗaya aka bar masa a buɗe, ita ce fushi. To duk abin da ya cika masa ciki ta nan zai fito. Idan kuma fushin ya yi yawa sai mu ce masa ya yi haƙuri, ba mu taɓa nuna masa yadda ake yin haƙurin a jiki ba. Kamar tukunya ce tana tafasa, muka danne murfi, ba mu janye itace ba.

Ƙarshen wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya fitar a 2019 ya nuna cewa cikin kowane mutum 10 da ake kashewa a duniya, wajen 8 maza ne, kuma cikin waɗanda ake tuhuma da kisan, wajen 9 maza ne. Wanda ya san labarin daba a Kano, ko sara-suka a Bauchi, ko kalare a Gombe, ba ya buƙatar a fassara masa waɗannan alƙaluma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan samari ɗan wani ne, kuma ya taɓa zama ɗan shekara tara.

Me numfashi zai yi wa wannan? Idan yaro ya fusata ko ya tsorata, jikinsa na sakin sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji, tsoka ta ɗaure. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai mutum ya wuce shekara 20, don haka a wannan lokaci yaro ba shi da birki mai ƙarfi. Amma akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka zuwa zuciya da ciki, aikinta sassauta gudun zuciya, kuma fitar da numfashi a hankali na taimaka mata. Shi ya sa ake koya wa yaro ya ɗora hannu a cikinsa, ya shaƙi iska ta hanci har cikin ya taso, sannan ya sake ta sannu a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, ko riƙe jiki a wani yanayi mai ɗan wuya ana ci gaba da numfashi, atisaye ne na jin takura ba tare da an fashe ba. Wanda ya tashi a gidan Musulmi zai ji abin bai yi masa baƙo ba, tunda an hore mu idan fushi ya zo muna tsaye mu zauna, mu yi shiru, mu yi alwala. Ta jiki ake bi a kai ga zuciya.

[Kiɗa a taƙaice]

Na san tambayar da ke ran wasunku, kuma tambaya ce mai kyau. Yoga daga Indiya ta fito, kuma tushenta na haɗe da addinin Hindu. Ba mu kaɗai ke wannan tunani ba. Jihar Alabama a Amurka ta haramta yoga a makarantun gwamnati tun 1993, sai a 2021 aka ɗage haramcin, bisa sharaɗin a tsaya ga miƙe jiki da motsa shi, ban da rera kalmomin ibada. Ɗan majalisar da ya kawo ƙudurin, Jeremy Gray, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka ne. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga mai haɗe da ibada da rera kalmomi. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta hana mai ɗauke da al'adun bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saboda haka uba yana da cikakken haƙƙin ya je ya ga abin da ake koya wa ɗansa, ya tambayi malaminsa, ya ƙi duk abin da ya taɓa aƙida. Shaƙar iska da miƙe baya kuwa, Allah ya ba kowane ɗan Adam.

Kada kuma a ɗauka magani ne sha-yanzu-magani-yanzu. A 2010 masu bincike daga Jami'ar Johns Hopkins da Jami'ar Jihar Pennsylvania sun gwada shirin waɗannan mutane uku a makarantu 4, da yara 97 'yan aji huɗu da biyar, na tsawon mako 12. Yaran da suka shiga sun samu sauƙin saƙe-saƙen damuwa da saurin harzuƙa. Sakamako ne mai daɗi, amma yara 97 ba su da yawa. A 2022 aka fitar da wani babban bincike a Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oxford, da ya shafi makarantun sakandare 84 da ɗalibai fiye da 8,000. An koya musu darasin natsuwa a aji, a hannun malamansu na yau da kullum, kuma ba a ga ya fi darussan da aka saba ba. Da yawa sun ce abin ya gundure su, mafi yawansu ba su yi a gida ba.

Ni dai abin da na fahimta daga waɗannan bincike biyu shi ne, idan aka mayar da abin darasin dole da za a karanta daga littafi, yaro zai yi hamma. A Baltimore yaran na motsa jiki har su yi gumi, suna shuka lambu, suna share filayen unguwa, kuma wanda ke koya musu ya san sunan kowa da halin da gidansu ke ciki. Har iyaye sukan ba da labarin sun dawo daga aiki a gajiye, rai a ɓace, ɗansu ya zaunar da su ya ce su ja numfashi.

Makarantunmu da ajujuwa ke cike maƙil ba lalle su samu ɗakin keɓewa ba. Amma minti biyar bayan taron safe ba ya cin ko sisi. Malamin motsa jiki, ko kocin ƙwallon unguwa, ko kawun da yara ke jin maganarsa, zai iya koyon wannan numfashi ya fara da kansa, a gaban yaran, ranar da su suka ɓata masa rai. Yaron kuma da aka ga ya daina barci, ya daina ci, ko yana maganar cutar da kansa, wannan ya wuce numfashi, a kai shi asibiti.

A nan za mu dasa aya a shirin na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]