Ɗalibin jami'a, kar ka bar tishi

'Yan'uwa, da yawa cikin yaranmu da suka shiga jami'a, a Yamai ko Say, ba sa buɗe littafi sai daren jarrabawa. Alhali a makarantar allo ba a wanke allo sai an biya wa malam da ka.

Mantuwa ta fi ƙarfi a kwanakin farko bayan darasi. Don haka ɗalibi, darasin yau ka duba shi bayan Isha'i. Da Asuba ka rufe littafin, ka faɗo shi da ka. Inda ka kakare, nan za ka koma. Ran Lahadi kai da abokinka ku yi tishin mako duka, waya a kashe.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.