Yadda Ake Yi Wa Tankin Mota Bakin Zuba Ruwa

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa kamar ɗaki, da gado da murhu da wurin wanka a cikinta. Mutane sukan yi makonni suna tafiya suna kwana a ciki. A ƙarƙashin gado ko daɓen motar akwai tankin ruwan sha. A waɗansu motocin ba a iya cika tankin sai an haɗa tiyo da famfo mai ƙarfi. In an je inda babu famfo, ga ruwa a jarka, ga tanki wayam, amma babu hanyar zubawa. Saboda haka masu motocin sukan yi wa tankin baki na biyu, watau wanda ruwa zai bi ya gangara da kansa.

Mun kawo zancen nan domin dabarar za ta yi amfani ga motocin shan magani masu zagaya ƙauyukanmu, inda sai rijiya ko burtsatse. Ma'aikacin da ya rasa ruwan wanke hannu yana iya ɗaukar cuta daga wannan majinyaci ya kai wa wancan.

Ga yadda ake yi.

1. A zaɓi wuri a jikin motar wanda ya fi saman tankin tsawo. Kowa ya sani ruwa ba ya hawa tudu. Wurin ya yi nisa da bakin zuba mai. Kafin a huda, a duba ta ciki kada a yanke wayar lantarki.

2. A kafa bakin zubawa mai murfi da makulli, a like gefensa da kyau don kada ruwan sama ya shiga bangon motar.

3. A jawo tiyo mai faɗi daga bakin zuwa saman tankin. A Amurka akan yi amfani da mai faɗin inci 1 3/8. Ya kasance irin na ruwan sha, ba wanda ya taɓa ɗaukar mai ba. Ya gangara sosai, kada ya lanƙwashe ko ya yi ciki a tsakiya, gama nan ne ruwa yake kwanciya ya lalace.

4. A sa ƙaramin tiyo na biyu mai faɗin rabin inci daga saman tankin zuwa kusa da bakin. Wannan shi ne hancin tanki. Tankin da muke cewa babu kome a cikinsa cike yake da iska, in kuwa iskar ba ta sami mafita ba, sai ruwan ya riƙa dawowa yana zuba a ƙafar mai zubawa. A rufe bakin hancin da 'yar raga saboda ƙwari.

5. A ɗaure bakunan tiyo da zoben ƙarfe, a cika tankin, a duba ko akwai yoyo.

Kafin a fara sha, sai a wanke tankin. A zuba babban cokali 4 na bilic marar ƙanshi ga kowace lita 60 ta ruwa, a buɗe famfon motar har warin ya fito, a bar shi awa 4. Sa'an nan a zubar, a ɗauraye har warin ya tafi.

Mu tuna kuma ruwa yana da nauyi. Lita 1 kilo 1 ce, watau tanki mai lita 100 daidai yake da buhun siminti 2. A ɗaure shi tam.

Abu na ƙarshe, bakin da ya sauƙaƙa wa ruwa shiga ya sauƙaƙa wa datti ma. A keɓe jarka da mazurari na wannan aiki kaɗai, a tace ruwan rijiya da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa na sha. In ruwan tankin ya canja ɗanɗano, kada a ce ba kome. Ruwa ba ya tsami banza. A juye shi, a sāke wanke tankin.