Daga Aji Uku Zuwa Aji Huɗu: Haƙƙin Ɗalibin da Ke Dab da Barin Sakandare

Da wuya a samu ɗalibin sakandaren da ya wayi gari rana ɗaya ya ce ya daina zuwa makaranta. A hankali abin yake cin sa. Da fari ranar kasuwa kawai yake fashi, saboda akwai wanda zai yi wa dako a ba shi na kashewa. Daga baya a haɗa da Juma'a, tunda dama da wuri ake tashi. Damina na sauka, gona ta ci mako biyu. Ya dawo ya tarar an yi masa nisa a lissafi da Turanci, malam ya jefo tambaya ya yi zuru, 'yan aji suka tuntsire da dariya. Gobe ba zai yi ɗokin zuwa ba. Ita kuwa yarinya, farantin talla ne yake fara cinye mata darasin farko da na biyu, ta iso an ja ƙofa, ga firfet tsaye da bulala. Sunan yana nan a rajista har ƙarshen zango, ana kira ana cewa "bai zo ba". Zango na gaba aka sake rubuta rajista babu shi. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya je nemansa.

Alƙaluman da asusun UNICEF yake bayarwa game da Nijeriya sun ce yara miliyan 10.2 da suka kai shekarun firamare ba sa zuwa makaranta, sannan akwai wasu miliyan 8.1 da suka kai shekarun ƙaramar sakandare su ma suna waje, kuma Arewa ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Cikin rukuni na biyun nan akwai da yawa da sun taɓa zama a aji, sun iya rubuta sunansu, daga baya suka sulale. Su ne ba a cika magana a kansu ba, domin hankalin masu tsara manufofi ya fi karkata ga wanda bai taɓa shiga ba.

To me doka ta tanadar wa irin wannan yaro? Ya danganta da ajin da yake.

Idan bai wuce aji uku na sakandare ba, doka tana bayansa sosai. A ranar 30 ga Satumba 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, a Sakkwato, sannan a 2004 shirin ya zama doka. Dokar ta ce shekara shida ta firamare da shekara uku ta ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma dole ne. Ba ta tsaya kan kuɗin makaranta kawai ba, ta lissafa abubuwan da ya kamata a bayar ba tare da an karɓi ko kwabo ba: littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru da tebura, har da abincin rana. Uban da ya ƙi tura ɗansa, karo na farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne hukuncin wanda ya karɓi kuɗi ya fi na uban tsanani: tarar da za ta iya kaiwa naira 10,000, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Shekara ashirin da 'yan kai bayan nan, tarar naira 2,000 ba ta sayen kwanon shinkafa a Kano, amma haramcin yana nan daram.

Duk da haka, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ƙofar wata makarantar gwamnati a makon jarrabawa ya san abin da ake yi. Malami zaune a benci da littafin rasit, yara sun yi layi. Mai rasit ɗin kuɗin PTA ya wuce, marar shi ya koma gida ya kawo. Akwai kuɗin jarrabawa, kuɗin katin sakamako, kuɗin bajo, wani lokaci tsintsiya ko fatanya. Kowanne ƙarami ne idan aka ware shi, amma magidancin da yake da 'ya'ya biyar a makaranta ba a ware yake biya ba. Firinsifal ma yana da hujjarsa, kuma ba hujjar banza ba ce: alli ya ƙare, rufin aji ya yaye, ba a turo kuɗin gudanarwa ba, malaman sa-kai suna jiran ɗan alawus. Sai dai matsalar tsakanin makaranta da gwamnati ce, yaro ɗan shekara goma sha uku bai kamata ya zama shi ne zai biya da darasinsa ba. Gudummawar da iyaye suka amince su bayar da kansu daban, mayar da ita sharaɗin shiga aji kuma daban. Kuma ba kullum ne kuɗin ke zama babu ba. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya ga hukumar UBEC, da sharaɗin jiha ta kawo daidai abin da za ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar tana kokawa cewa biliyoyin naira suna jibge ba a ɗauka ba, saboda jihohi sun kasa kawo nasu kason.

An daɗe ana cewa ba a iya kai gwamnati kotu kan ilimi. Dalili kuwa, sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya yi alkawarin ilimi kyauta tun daga firamare har jami'a, ya rataya alkawarin a kan lokacin da hali ya yi, sannan yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna bin kadinsa. Hukunci biyu sun rage wa wannan hujja ƙarfi. A 2009, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, Kotun ECOWAS ta ce ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a gabanta, bisa Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummomi. A watan Maris 2017 kuma Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar ƙungiyar LEDAP, ya yanke cewa tunda Majalisa ta yi dokar 2004, ilimin firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ya zama haƙƙin da ɗan ƙasa zai iya tilasta wa gwamnati ta ba shi.

Duk wannan kariya a aji uku take tsayawa. Yaro ya rubuta jarrabawar BECE yana ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, daidai lokacin da ƙarfinsa ya kawo, mai gareji yana neman yaro, mai shago a kasuwa yana neman wanda zai riƙe masa, abokinsa ya fara jan Adaidaita Sahu yana dawowa da kuɗi a aljihu. Yarinya kuwa masu sallama sun fara zuwa ƙofar gida. A daidai wannan gaɓar ne harshen doka yake laushi. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 15, ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, amma da ta zo kan babbar sakandare sai ta ce su yi ƙoƙari su tura shi. Idan ba a tura shi ba, a ƙarfafa masa gwiwar koyon sana'a, wanda ya ɗauke shi kuma ya samar masa abin da koyon yake buƙata. Wannan tanadi na ƙarshe yana da amfani, ko da yake da wuya a samu ubangidan da ya san da shi. Amma ƙoƙari ba dole ba ne, kuma takardar aji uku ba ta shigar da kowa kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin jinya. Wanda ya tsaya a nan ya yi shekara tara a makaranta ya fito hannu rabbana.

Wasu jihohi sun yi yunƙurin cike giɓin. A Satumba 2019 gwamnatin Kano ta Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole har zuwa ƙarshen babbar sakandare, a Yuni 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, wanda shi kansa shaida ne cewa shelar farko ba ta kai inda aka nufa ba. A Kanon akwai wani shinge da duk gidan da ke da ɗan aji biyar ya sani: kwalifayin. Wanda ya ci wannan jarrabawar tantancewa gwamnati ce ke biya masa kuɗin NECO. Wanda ya faɗi kuwa sai iyayensa su nemo dubban nairori, in ba haka ba ya yi shekara shida a sakandare ya fita babu takarda. Ana iya fahimtar dalilin gwamnati na ƙin zuba kuɗi inda ake ganin ba za a ci ba. Amma wanda ya fi faɗuwa kwalifayin shi ne yaron da talauci ya riga ya cinye wa rabin darussa, wato wanda ya fi kowa buƙatar a biya masa. Ɗalibin da ya ga sakamako ya san ba za a iya biya masa ba, sau da yawa ba ya ma wahalar da kansa da zuwa aji shida.

Batun 'yan mata yana da nasa sashen. Sashe na 15 ɗin nan ya ce yarinyar da ta samu ciki kafin ta gama karatu a ba ta dama ta ci gaba bayan ta haihu. Dokar 2003 kai tsaye a Abuja take aiki, kowace jiha sai ta yi tata, kuma jihohin Arewa da dama sun yi mata kwaskwarima kafin su amince. Kano sai a Mayu 2023 aka sa hannu kan tata. Amma ma'aunin yankin Afirka ta Yamma a fili yake. A Disamba 2019 Kotun ECOWAS ta ce matakin Saliyo na hana 'yan mata masu ciki zuwa makaranta wariya ce, a Maris 2020 ƙasar ta janye shi. Jamhuriyar Nijar ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu a Disamba 2017, a 2019 kuma ta soke ƙa'idar da ke raba ɗaliba da makaranta saboda aure ko ciki. A ƙasar Hausa yawancin irin waɗannan 'yan mata matan aure ne, kuma ba takardar kora ce ke tsayar da su ba. Alkawarin da ango ya yi kafin ɗaurin aure cewa "za ta ci gaba a ɗakinta" ne yake narkewa bayan biki. Waliyyin da ya sa sharaɗin a gaban shaidu, ya kuma ambaci makarantar da za ta koma da zangon da za ta koma, ya fi wanda ya karɓi alkawarin baki a zaure.

Kuɗi ma suna taka rawa a nan. Shirin ilimin 'yan mata na AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, ya fara a jihohi bakwai, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, a 2023 aka ƙara dala miliyan 700 aka shigo da wasu jihohi goma sha ɗaya. Yana gina ajujuwa da banɗakuna, yana kuma ba iyalai marasa ƙarfi tallafin kuɗi bisa sharaɗin yarinya ta ci gaba da zuwa aji. Banɗaki ba ƙaramin abu ba ne ga budurwa 'yar shekara goma sha biyar. Makarantar da babu wurin kewayawa mai ƙofa da ruwa tana rasa ɗalibanta mata kwanaki a kowane wata.

Ɗalibi mai buƙata ta musamman shi ne ma doka ta fi fayyace wa: dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba shi ilimi kyauta har matakin sakandare.

Akwai kuma waɗanda makarantar ce ta bar su. Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018, sai Ƙanƙara a Disamba 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairu 2021, Birnin Yawuri a Yuni na wannan shekarar, Kuriga a Maris 2024. Kowane hari yakan jawo rufe makarantun kwana, wani lokaci na jiha guda. Rufewa don kare rai ba abin zargi ba ne. Amma ga yaron ƙauyen da babu babbar sakandare a kusa da garinsu, makarantar kwana ita ce kaɗai hanyarsa, kuma idan aka rufe ba tare da an sama masa gurbi a wani wuri ba, wata shida a gida ya isa ya kama wata rayuwa.

Wanda ya riga ya fita ma ƙofa ba ta rufe masa gaba ɗaya ba. Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Kano ta kafa hukumar ilimin manya, ta farko irinta a ƙasar, kuma cibiyoyin mata da azuzuwan yamma na irin waɗannan hukumomi suna karɓar matan aure da samarin da suka katse karatu. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda ba ta buƙatar mutum ya kasance ɗalibin wata makaranta, NABTEB kuma tana ba masu sana'a da fasaha takardar shaida. Kafin a kai ga nan, uban da aka maido masa ɗa saboda kuɗi yana da inda zai kai kuka: kwamitin al'umma mai kula da makaranta, SBMC, wanda akan sa mai unguwa ko dagaci da wakilan iyaye a ciki, sai ofishin ilimi na yanki, sai ma'aikatar ilimi ta jiha. Ƙorafin da aka rubuta a takarda da kwanan wata, iyaye goma suka sa hannu, ya fi saurin samun amsa a kan wanda aka yi a majalisar bakin titi.

A Fabrairu 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya gabatar da shawarar a mayar da ilimin dole ya zama shekara 12 a jere, ba tare da yankewa a aji uku ba. Da labari ya bazu cewa an soke tsarin ƙarama da babbar sakandare, ma'aikatar ta fito ta ce shawara ce kawai ake tattaunawa. Kafin ta zama haƙƙin da uba zai iya tsayawa a kai a gaban alƙali, sai Majalisar Tarayya ta gyara dokar 2004, jihohi kuma sun gina ajujuwan da za su ɗauki waɗanda a yanzu suke tsayawa a aji uku.