Kasuwar Da Ba A Biyan Kuɗin Shiga

'Yan'uwana mata, ko kun taɓa tambayar kanku inda Facebook ke samun kuɗi, alhali kuwa ba ya karɓar ko kwabo wajen mai buɗe shafi? To, ku saurara.

Wani ɗalibi, Mark Zuckerberg, shi da abokansa suka kafa shi a Jami'ar Harvard ta Amurka cikin 2004. Da fari ɗalibai kaɗai ke shiga, sai cikin 2006 aka buɗe wa sauran jama'a ƙofa. Attajirai suka zuba jari, domin dabarar ita ce a cika kasuwa tukuna, riba ta biyo baya. Cikin 2012 masu shiga suka kai biliyan 1.

Ribar kuwa daga talla take. Shekarunki, garinku, da abin da kika tsaya kallo, duk ana lura. Mai atamfa ya biya kamfanin, a kai tallarsa gaban wadda ke shirin biki. Watau hankalinki ake sayarwa.

Saboda haka, mai sana'a ta baje kolinta can, ba laifi. Amma asirin gida da hotunan yara, a yi hattara. Ku koya wa 'ya'yanku mata wannan tun kafin su riƙe waya.