Bututun bindiga: Maƙerin ƙauye, DICON da kamfanonin ƙetare a kan ma'auni ɗaya

Da zarar an kammala girbi ciyawa ta bushe, mazauna Bukan Sidi, unguwar da ke bakin hanyar da ta fita daga Lafiya zuwa Akwanga, sukan ga mafarauta na wucewa bisa babura, biyu-biyu ko uku-uku, kowa rataye da bindigarsa ta toka. Ba mai waiwayen su, domin abu ne da ido ya saba da shi. Sai dai bindigar da a da aikinta bai wuce kan gafiya, zomo da gada ba, a yau ita ce a hannun ɗan banga da ke gadin ƙauye a yankunan Awe, Keana, Doma da Obi, inda rikicin manoma da makiyaya da satar mutane suka hana jama'a barci da ido biyu. Tunda aikinta ya sauya, tambayar da a da mafarauci kaɗai ta dama ta zama ta hukuma: wa ya ƙera wannan bututun, kuma wa ya tabbatar ba zai fashe a hannun mai shi ba?

Masu harkar bindiga sun yi ittifaƙi cewa bututu shi ne ran makamin. Ƙota itace ce, kowane masassaƙi zai iya sake ta. Kunama da sauran ƙananan ƙarafa ana gyara su. Bututu kuwa shi ke ɗaukar ƙarfin fashewar albarushi, shi ke kuma nuna wa harsashi hanya. Idan ya karkace ko da kaɗan ne, saiti ya tashi a banza. Idan yana da rauni a wani wuri, mai harbin ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

A Amurka da Turai, ƙera bututu kaɗai sana'a ce mai zaman kanta. Mutum zai sayi bindiga daga wani kamfani, ya cire bututun da ta zo da shi, ya ɗaura na wani kamfanin da ya fi amincewa da aikinsa. Sunayen da ake ji a wannan fage sun haɗa da Krieger da Bartlein a jihar Wisconsin, Shilen a Texas, da Lothar Walther a Jamus. Muhawarar masu gasar harbi a kansu ba ta ƙarewa, kuma mafi yawanta a kan zanen cikin bututu take, wato tsagin nan mai murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, ya tafi a miƙe. Krieger da Bartlein sun yi suna da yankan tsagin sannu a hankali, aiki mai cin lokaci da tsada. Shilen ta shahara da wata hanyar da ta fi sauri. Manyan masana'antun da ke yi wa sojoji kuwa sun fi karkata ga injin da ke dukan ƙarfen har ya ɗauki siffa, saboda yana fitar da dubbai kuma bututun kan jure wahala.

Abin lura a nan shi ne ma'aunin da suke amfani da shi. Ba a raba gardama da rantsuwa ko da sunan wanda ya koya wa maƙeri aiki. Ana kafa bindiga a kan teburi, a harba harsasai biyar ko goma zuwa allo guda, a auna tazarar da ke tsakanin ramukan. Bututun da ya tara harsasansa cikin faɗin inci 1 a nisan yadi 100, wato kusan santimita 3 a mita 100, ya shiga sahun masu kyau. Na gasa sukan yi rabin haka ko ƙasa. Wanda ya yi iƙirarin ya fi, allo na nan.

Bindigar toka ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan, domin cikin bututunta sumul yake, babu tsagi. Ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma, kuma abin da ta fitar watsuwa yake yi. A kusa tana da illa matuƙa, amma da wuya a dogara da saitinta bayan mita 50 ko makamancin haka. AK-47 da ke hannun 'yan fashin daji kuwa tana iya samun mutum a mita 300, kuma ƙwanson harsashinta na ɗaukar 30. Sunan "harbi ka ruga" da ake yi wa bindigar gargajiya ba zolaya ba ce kawai. Bayanin yadda ake aiki da ita ne.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa maƙeran gida duk ɗaya suke. Mafarauta sun san bambanci, kuma suna da tasu hanyar tantancewa: a ɗaga bututu a leƙa haske ta cikinsa, a ƙwanƙwasa shi a saurari amonsa, a duba kaurin gindinsa, sannan uwa uba a tambayi wane gida ya fito. Akwai gidajen maƙera da suka gaji aikin iyaye da kakanni, waɗanda ke gudun abin kunya fiye da gudun asara, domin bututun da ya fashe a hannun wani zai bi sunan gidan har jikoki. Akwai kuma waɗanda rashin tsaro ya buɗe wa kasuwa jiya-jiya, masu aiki da duk ƙarfen da ya zo hannu, har da bututun da aka yi don jan ruwa, wanda ba a taɓa nufin ya ɗauki ƙarfin fashewa ba. A ido, bayan an shafa mai an goge, aikin biyun kama ɗaya suke yi. Kunne da ido ba sa ganin tsagewar da ke ɓoye a cikin ƙarfe, kuma a nan ne ilimin mafarauci, duk zurfinsa, yake tsayawa.

Wannan matsala ba a Najeriya ta fara ba, kuma tarihin ita kanta bindigar ya nuna haka. Turawa na kiran ta da sunan mutanen Denmark, waɗanda suka yi cinikinta a gaɓar tekun Gana ta yau, daga sansaninsu na Christiansborg da ke Accra, kafin su sayar wa Ingila da sansanoninsu a 1850. Amma kaso mai yawa na bindigogin da aka shigo da su Afirka ta Yamma a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su, kuma masu arhar cikinsu sun yi ƙaurin suna wajen fashewa. A 1813 majalisar Ingila ta yi dokar kafa gidan gwajin bututu a Birmingham, wanda har yau yana aiki. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: kafin a sayar da bindiga, a kai ta gidan gwaji, a harba ta da ƙarfin da ya zarce wanda za ta riƙa ɗauka a kullum, a wani ɗaki da ba kowa a ciki. In ta jure, a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. In ta fashe, ta fashe a inda ba yatsun kowa. A 1914 wasu ƙasashe suka kafa hukumar haɗin gwiwa, wadda ake kira CIP, don su riƙa amincewa da hatimin juna. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinta.

A tsakanin maƙerin ƙauye da kamfanonin ƙetare akwai DICON, masana'antar kayan yaƙi ta ƙasa da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka kafa da dokar majalisa a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya girka mata injina. Ta haɗa bindigogi bisa lasisin kamfanonin Turai, daga baya ta fito da OBJ-006, samfurinta na AK-47. Ta kuma sha shekarun koma-baya, har aka riƙa yi mata gorin cewa ta koma yin kujeru da tebura. A watan Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokarta, wadda ta faɗaɗa ikonta. Ko da masu sukarta sun fi masu yabonta, tana da abin da maƙera ba su da shi: na'urorin awo, wurin gwaji, da lambar da ake bugawa a jikin kowane makami. Sai dai manyan abokan cinikinta sojoji ne da sauran jami'an tsaro. 

Ga ma'aikacin da takardun tsaro ke bi ta teburinsa, gibin yana cikin doka. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu, irin su bindigar farauta ta bature, Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, waɗanda lamarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta kuma ba Sufeto Janar damar ba mutum izinin ƙera wannan rukuni na uku da gyara shi, da amincewar Gwamna. Ke nan ba kowane maƙerin bindigar toka ne mai laifi ba a idon doka, kodayake yadda ake baje kolin waɗanda aka kama gaban 'yan jarida kan sa a manta da hakan. Hankalin dokar ya tafi ga wanda ya riƙe makami da wanda ya ba shi izini. Mai lasisi da marar lasisi, duk da bututun da ba a gwada ba suke shiga daji.

Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sanya wa hannu a Abuja a 2006, ta nemi kowace ƙasa ta tattara sunayen masu ƙera makamai a cikin gida, ta yi musu rajista, a kuma riƙa sanya wa makamai alama. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, sannan ta samu dokarta a 2024. Aikin cibiyar da jama'a suka fi gani shi ne tattara makaman da aka ƙwace da lalata su. Wannan aiki ne mai amfani, amma ya fi dacewa da makaman da ke shigowa ta kan iyaka, da kuma maƙeran da suka tsallake gona da iri suna kwaikwayon bindigogin soja don sayar wa 'yan ta'adda. Waɗannan ba su da uzuri. Haɗa su a kwando ɗaya da mai yi wa mafarauta adaka shi ke sa duka biyun su ɓuya, kuma wanda ya ɓuya ba ya zuwa rajista.

A gefe guda kuma gwamnatoci na ƙara jingina da mutanen da ke riƙe da wannan bindiga. Mafarauta sun taka rawa wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamban 2014. Katsina ta ƙaddamar da rundunar sa-kai ta jiha a watan Oktoban 2023, Zamfara ta bi sahu da Askarawa a watan Janairun 2024. A ƙauyukan da irin waɗannan runduna ba su kai ba, 'yan banga da abin da suka mallaka suke fita. Kisan mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, bayan an ga bindigogin gargajiya a motar da ta ɗauko su zuwa Kano, ya nuna wani gefen haɗarin: makamin da baƙon ido ba zai iya tantance asalinsa nan take ba yana iya zama hujjar zargi a kan mai shi.

Masu adawa da yi wa maƙera rajista suna da hujja mai nauyi. A cewarsu, duk hatimin da gwamnati ta buga a kan bindiga tamkar ta halatta yaɗuwarta ne, a ƙasar da makamai suka riga suka yi yawa, kuma maƙerin da aka inganta wa aiki yau ba a san wa zai yi wa gobe ba. Masu goyon baya na amsawa da cewa bindigogin suna nan ko an buga hatimi ko ba a buga ba, kuma lamba a jikin bututu ita ce za ta kai ɗan sanda ƙofar maƙerin idan an aikata ɓarna. Tsarin sarauta ma ya tanadi mashiga: a masarautu da dama akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Baka, waɗanda suka san mutanensu gida-gida fiye da kowane kundin ofis. Ikon ba da izinin ƙira yana hannun Sufeto Janar da Gwamna, rajistar makamai na hannun cibiyar da ke Abuja, kayan gwaji kuma suna Kaduna. A Jihar Nasarawa, farautar rani kan fara ne da shigowar hunturu.